Annobar tutiya a shogilas: abin da ya sami motocin zubi 140 na wani mai tarawa a Kaduna cikin damina huɗu

## Mafari

Mutumin da wannan lamari ya shafa magidanci ne a Kaduna da ya haura shekara 15 yana tara 'yan ƙananan motocin zubi, waɗanda ake fitarwa da surar motar gaske sak, a rage girman bisa lissafi. Hankalinsa ya fi karkata ga motocin da suka ci zamaninsu a titunan Arewa: Peugeot 404 da a-kori-kurarta, da 504 wadda masana'antar Peugeot ta Kaduna, da ta fara aiki a 1975, ta daɗe tana haɗawa, sai Land Rover, da Bedford mai bodin katako, da Mercedes mai gajeren hanci da direbobi suka sani da 911, da 'yan Berliet irin waɗanda suka ratsa hamadar Nijar.

Lokacin da matsalar tsagewar ƙarfen motocin ta ɓullo yana da mota 140. Guda 92 ƙananan motoci ne masu ma'aunin 1:43, wato kowace santimita ɗaya a jikinsu tana wakiltar santimita 43 a jikin motar gaske. A wannan ma'auni, 504 mai tsawon kusan mita 4.5 takan dawo santimita 10 da 'yar ɗoriya. Akwai manyan motoci 30, wasu 1:43 wasu 1:50, da guda 12 masu ma'aunin 1:18, waɗanda kowace takan kai santimita 25 ko kusa da haka, ƙofofinsu da bonet suna buɗewa. Ragowar shida tsofaffin motocin wasan yara ne ƙirar Dinky da Corgi na shekarun 1950 da 1960, fentinsu ya sha hannun yara kafin su iso wurinsa.

Ƙarfen da ake zubin irin waɗannan motoci da shi ana kiransa zamak, a Ingila kuma mazak. Kamfanin New Jersey Zinc na Amurka ne ya fito da shi a 1929. Kusan dukkansa tutiya ce, sai alminiyam wajen kashi 4 cikin 100, da ɗan maganiziyam da bai kai kashi 0.1 ba, wani nau'in kuma ana ƙara masa jan ƙarfe kashi 1. Yana narkewa kafin zafi ya kai digiri 390, a tura shi da ƙarfin inji cikin mazubin ƙarfe, shi ya sa yake iya fitar da layin ƙofa da ramin fitila siriri kamar an zana da allura. Sharaɗinsa guda ne: tutiyar ta zama tsarkakakkiya, kashi 99.99 cikin 100. Dalma kada ta wuce kashi 0.005, kuza da kadmiyam ma ƙasa da haka. Dalmar da ake nufi a nan ita ce mai nauyin nan ta cikin batirin mota, ba ta tukunyar da masu zubi ke yi ba, wadda alminiyam ce.

Motocin suna zaune ne a shogilas da kafinta ya haɗa da filawud, faɗi santimita 120, tsawo 150, zurfi 40, ƙofofin gilashi masu zamewa. An jingina shi da bangon falo na waje, bangon da ruwan sama ke duka in an yi iska.

## Agusta, damina ta farko

Yana share ƙura ne ya lura cewa wata babbar mota shuɗiya, ma'aunin 1:43, ba ta zaune daidai. Tayar baya ta hagu ta ɗaga daga kan katako har takarda na iya wucewa ƙarƙashinta. Da ya kifa ta, sai ya ga baƙin fentin shasi ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani, sukurun da ya riƙe bodi kuma ya karkace a raminsa. Motar ba ta taɓa faɗuwa ba, ba a taɓa ba yaro ita ba.

Tana cikin manyan motoci 12 da ya saya a dunƙule ta intanet shekara huɗu kafin nan, duk na jeri ɗaya, masu sauƙin kuɗi. Kafin watan ya fita ya ga irin wannan tsaga a jikin guda biyu cikinsu, su kuma a kan direba, wajen rufi da gefen gilashin gaba.

## Satumba zuwa Nuwamba: gyare-gyaren farko

Ya ɗauka tsatsa ce, ya fesa wa shasin man nan da makanikai ke fesa wa noti in ya cije. Man ya shige tsagogin, ya jiƙa tambarin da aka manna a ƙofa har gefensa ya tashi, ƙura kuma ta riƙa liƙewa. Karkacewar tana nan.

Sai ya kwance bodin, ya tsoma shasin a ruwan zafi, ya sa yatsu zai miƙe shi. Ya ɓalle gida biyu daidai bayan kan direba, ba tare da ya lanƙwasa ko kaɗan ba. Bakin karayar ba shi da ƙyallin azurfa irin na lafiyayyen zamak. Toka-toka ne, garas-garas, in aka goga farce sai ya riƙa zuba kamar ƙuli-ƙulin da ya kwana biyu.

Ya haɗa shi da sufa gulu. Gam ɗin bai kama sosai ba saboda man da ya riga ya shiga, tururinsa kuma ya bar farin dusashe a gilashin motar da ke kusa. Da ya wanke bakin karayar ya sake mannawa, mahaɗar ta riƙe, amma bayan mako uku shasin ya sake karyewa milimita 4 daga wurin. Daga nan ya kai wa mai walda da gas. Wutar gas ta ninka abin da zamak ke iya ɗauka sau da yawa, kafin a ce me rabin shasin ya zama ɗigo. Kan direba da bodin ne kawai suka tsira, don an cire su tun farko.

Guda biyun masu tsaga a kai ya miƙa wa mai gyaran bodin mota. Aka kankare fentin, aka cike tsagogin da fila, aka goge, aka sake fesawa. Sun dawo sumul, sai dai layin ƙofa da ramukan iska sun ɗan cike, domin fentin motar gaske ya yi wa abu mai santimita 17 kauri.

## Disamba zuwa Afrilu

Da hunturu ya sauka komai ya tsaya cik. Ba sabuwar tsaga, motocin da aka yi wa fenti suna nan lafiya. Ya ɗauka an rabu da matsalar, bai taɓa shogilas ɗin ba.

## Damina ta biyu, Mayu zuwa Satumba

A Yuli tsagogin suka huda sabon fentin, a kan layin da suke da, har da ƙari. Wasu manyan motoci huɗu daga cikin 12 ɗin suka fara ɗaga taya. A wannan karon ya gane akwai hannun laima a ciki, ya shiga neman yadda zai busar da shogilas.

Ya fara da kofin shinkafa da gawayi a kowane hawa, ya ƙara da 'yan ƙullin silika da ake samu a kwalin takalmi, masu giram ɗaya ko biyu. Bai ga canji ba. Ya sayo robobin tsotse laima guda biyu, masu farin gari a sama da wurin taruwar ruwa a ƙasa. Waɗannan suna tsotsa ƙwarai, amma garin wani nau'in gishiri ne, ruwan da yake tarawa kuma ruwan gishiri ne mai cin tutiya. Ɗaya ta cika ta tsiyaya a hawan ƙasa, ta taɓa motoci uku.

Ya liƙe gefen ƙofofin da salatif don hana iska shiga, ya sa ƙwan lantarki mai wat 40 a ciki don ɗumi, ya kuma jefa kafur saboda kyankyasai da ke cin kwalayen motocin. Cikin mako shida farin gari ya bayyana a ƙarƙashin motoci da dama, duk inda ƙarfe yake ba fenti. Tayoyin wasu suka yi danƙo suka manne da ƙafafunsu. Gilasan roba na motoci biyu da ke kusa da kafur suka dushe. Garin neman gira ana shirin rasa ido.

A ƙarshen Satumba ya ƙirga mota 53 da ke da wata alama, ko babba ko ƙarama.

## Oktoba: awo da tantancewa

A nan ya ajiye gyara ya koma awo. Kayan da ya tanada ba su da yawa: ma'aunin laima na batir guda biyu, kalifar awo mai baki biyu irin ta masu aikin inji wadda ke nuna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, madubin masu gyaran agogo mai ninka girma sau 10, faifan gilashi miƙaƙƙe, sikelin kicin, da littafi.

Kafin a yarda da ma'aunin laima sai an gwada shi. Ana zuba gishirin girki a murfin kwalba, a ɗiga masa ruwa ya jiƙe kamar yashin gini ba tare da ya narke ba, a rufe shi da ma'aunin cikin mazubin da iska ba ta shiga, a bar su kwana guda. Iskar ciki takan tsaya a kashi 75 cikin 100. Ɗaya ya nuna 71, ɗayan 79, sai ya rubuta wa kowanne bambancinsa a jiki. Da ya sa su a shogilas a makon farko na Oktoba, laimar ciki ta nuna 78 bayan gyara lissafi, zafi kuma digiri 37 in ƙwan yana kunne. Filawud ɗin baya, mai jingine da bango, ya yi sanyi da danshi a hannu.

Sannan ya bi motocin 53 ɗaya bayan ɗaya. Kowace ya ɗora ta a faifan gilashi ya ga ko tayoyin duk sun taɓa ƙasa, ya duba ta da madubi, ya ƙwanƙwasa ƙarfen a hankali da bayan ƙaramin cokali. Lafiyayyen zubi yana da 'yar amsa siririya, mai ciwo kuwa sautinsa a dakushe yake kamar fasasshen tulu. Sai ga shi matsalar da yake yi wa magani ɗaya ta rabu gida huɗu.

Guda 19 farin gari ne a saman ƙarfe kawai, in aka goge, ƙarfen ƙasa lafiya lau. Filawud da gam ɗin da ake haɗa shi da shi suna fitar da tururin asid, irin na ruwan khal da danginsa, wanda ke cin tutiya in ya sami danshi. Liƙe ƙofofin ya tsare wannan tururi a ciki. Motoci ukun da ruwan gishiri ya taɓa suna cikin wannan rukuni.

Guda 14 matsalarsu taya ce. Yawancin tayoyin roba ce mai laushi da aka cuɗa da wani mai don ta yi taushi. Man yana fita sannu a hankali, in ya taɓa roba mai tauri irin ta ƙafar motar ko ta faifan da ake ɗaure ta a kai, sai ya narkar da ita. Zafi yana gaggauta wannan, ƙwan lantarkin kuwa zafi ya ƙara.

Guda 9 ƙuraje ne a fenti, ƙanana kamar ƙurajen zafi. Da ya fasa ɗaya a ƙarƙashin bonet da bakin allura, ƙarfen ƙasa santsi ne, ba tsaga. Irin wannan yakan samo asali daga rashin tsabtace zubin da kyau kafin a fesa fenti, ko 'yan ramukan iska a fatar ƙarfen. Yana ɓata kyau, ba ya karya mota.

Guda 11 ne ke da ciwon gaske, wanda Jamusawa suka sa wa sunan da ke nufin annobar tutiya. Takwas daga cikin manyan motoci 12 ɗin nan ne, biyu masu 1:18, sai 404 guda ɗaya da rufinta ya tsage. Tsofaffin Dinky da Corgi shida, da suka girmi sauran da shekara 40 ko fiye, babu wadda ta nuna komai.

Ga yadda ciwon yake. In zamak ya daskare, ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna. Dalma da kuza da kadmiyam ba sa shiga cikin ƙwayoyin, sai su taru a iyakokin da ke tsakaninsu. Da danshi ya ratsa, kowace iyaka sai ta zama kamar ɗan ƙaramin batir, tutiyar gefenta ta fara ciwuwa. Abin da cin ya haifar ya fi ƙarfen asali cin wuri, don haka yana ture ƙwayoyin daga juna. Shi ya sa ƙarfen ke kumbura, ya karkace, ya tsage daga ciki zuwa waje, kamar yadda gara ke cin azara ta bar fata. Tun 1923 aka gano wannan matsala, kuma ta fi yawa a kayan zubi na shekarun 1920 zuwa 1950, ciki har da Dinky da yawa na kafin yaƙin duniya na biyu. Ta sake ɓullowa a wasu sababbin motoci daga tsakiyar shekarun 2000. Hanyar shigar ƙazantar sananniya ce: a mayar da guntayen ƙarfe tukunya ba tantancewa, ko a yi amfani da tutiyar da ba a tace ba. Laima da ta haura kashi 65 tana gaggauta shi. Duk da sunansa, ba ya tsallakawa daga mota zuwa mota.

Yana da abin gwadawa a hannu. Shekara uku kafin waccan sayayya ya sayi irin shuɗiyar motar, ja ce, mazubi ɗaya suka fito. Shasin jar ya auna milimita 168.0. Shasin huɗun da suka ɗaga taya a damina ta biyu sun auna tsakanin 168.9 da 169.6.

## Nuwamba zuwa Afrilu: sabon mazauni

Masu haɗa tagogin alminiyam ne suka yi masa sabon shogilas, girmansa ɗaya da tsohon, firam na alminiyam, jiki da hawa duk gilashi mai kaurin milimita 6, ba katako ko ɗaya. Ƙofar mai hinji ce da robar gefe irin ta firij, ba mai zamewa ba. An liƙe mahaɗan gilashin da silikon marar asid. Wannan wuri ne da ake yawan yin kuskure: silikon ɗin da aka fi samu a kasuwa yana warin khal in ana matsa shi, kuma asid ɗin da aka gudo daga gare shi ne yake fitarwa. An bar shogilas ɗin a buɗe mako biyu kafin a sa mota, aka ajiye shi jikin bangon ciki, da tazarar santimita 10.

Yawan silika lissafi ne ya yanke shi. Cikin shogilas ɗin mita kubik 0.72 ne. A zafin digiri 30, iskar da ta ƙoshi da ruwa tana ɗauke da kusan giram 30 a kowace mita kubik. A laimar kashi 80, ke nan akwai wajen giram 17 na ruwa a ciki, kuma saukar da shi zuwa kashi 45 yana bukatar a tsotse giram 7 zuwa 8 duk lokacin da iskar ta sauya gaba ɗaya. Busasshiyar silika kilo ɗaya takan sha kusan giram 200 kafin ta kasa riƙe laima a wannan mataki. In shogilas yana yoyon iska sau 10 a rana, kilo ɗaya ba zai wuce kwana uku ba. In sau ɗaya ne, zai kusa wata. Daga nan ake gane abin da ya sa ƙullin kwalin takalmi bai yi komai ba, da kuma abin da ya sa robar ƙofa ta fi yawan silika muhimmanci.

Ya sayi kilo 4 na silika mai ruwan lemo wadda ke sauya launi in ta ƙoshi, ya raba biyu. Kilo 2 a faffaɗan faranti a hawan ƙasa, kilo 2 a rufe cikin kwalba suna jiran canji. Busar da ita a obin ake yi, digiri 120, a baza ta kada kaurinta ya wuce santimita 2, awa biyu zuwa uku, ana ɗorawa a sikeli har nauyin ya daina raguwa. Wuta mai yawa tana lalata launin da ke nuna ƙoshi. Matakin da ya nufa kashi 40 zuwa 50 ne. Ƙarfe zai so ƙasa da haka, amma tayoyi da tambura da kwalaye suna bushewa su tsage in an matsa.

Masu farin gari ya goge su da busasshen burushi mai laushi, na ruwan gishiri ya wanke da ruwan batir da ba a sa wa asid ba, ya busar sosai, sannan ya shafa musu siririn kakin da gidajen tarihi ke shafa wa ƙarfe. Masu danƙon taya ya cire tayoyin, ya kankare abin da ya narke, ya shafa wa ƙafafun banish na ruwa shafi biyu ya zama shamaki, ya mayar. Duk motar da ke ɗaure a faifan roba ya sa mata 'yar takardar alminiyam ƙarƙashin kowace taya. Masu ƙuraje bai taɓa su ba.

Cikin manyan motoci takwas masu ciwo, biyar shasinsu iri ɗaya ne da na jar motar, kuma ciwon a shasin kaɗai yake, kan direba zubi ne dabam. Ya fara gwada masu zubin tukwane. Alminiyam sai ya kai digiri 660 yake narkewa, mazubin yashi kuma ba ya iya fitar da bango mai kaurin milimita ɗaya, abin da ya fito guntun ƙarfe ne mai kama da shasi daga nesa. Sai ya koma robar silikon ta yin mazubi, mai haɗi biyu. Ya kwance shasin jar motar, ya yi masa mazubi mai ɓari biyu, kowane ɓari ya kwana ya bushe. Da lafiyayyen ya ɗauki sura, domin na mai ciwo zai ba da kwafi mai kumburi da ba zai shiga bodi ba. Ya shimfiɗa waya biyu ta farin ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 a tsawon mazubin, ya zuba resin mai haɗi biyu, wato ruwan roba da ke daskarewa ya yi tauri. A Janairu ya yi zubin da gangan, don irin wannan resin yana kumfa in ya haɗu da danshi. Zubi bakwai ya yi, biyu suka fito da ramin iska, biyar suka yi kyau. Inda ribit ne ya riƙe kan direba, ya cinye kan ribit ɗin da bakin huda mai milimita 3, ya huda sandar da na 1.6, ya yanka mata zare, ya ɗaure da sukuru mai milimita 2.

Ɗaya daga cikin masu 1:18 hinjin ƙofa ne ya ruɓe, aka lanƙwasa sabo da farin ƙarfe aka kafa da gam mai haɗi biyu. Ragowar biyar, waɗanda ciwon ke jikin bodinsu ko inda ba a iya cirewa, ya ɗura musu Paraloid B-72, wani gam da masu gyaran kayan tarihi ke amfani da shi, giram 10 a mililita 100 na asiton, ruwan nan da ake goge jan farce da shi, da siririn burushi ta ciki, inda ba fenti, bayan ya cire gilasan, don asiton yana cin fenti da roba. Ruwan yana bin tsaga ya bushe ya riƙe ƙwayoyin da suka saki. Ɗayar mai 1:18 ya ɗora cikinta a kan guntun gilashi, nauyinta ya bar kan tayoyi.

Tsofaffin shasi huɗu da ya cire bai zubar ba. Ya auna su, ya bar biyu a tsohon shogilas, ya sa biyu a sabon.

## Damina ta uku da ta huɗu

Daga Mayu zuwa Oktoba na damina ta uku, laimar sabon shogilas ta tsaya tsakanin 42 da 50. A Agusta da Satumba yana canja silika duk mako biyar, in kuma an yawaita buɗe ƙofa don nuna wa baƙi, mako uku. Da hunturu bai cire ta ba. Ya bar wadda ta ɗan sha ruwa, tana mayar wa iskar da shi, laimar ba ta sauka ƙasa da 35 ba alhali ta falo ta faɗi ƙasa da 20.

Shasi biyun da ke tsohon shogilas sun ƙaru da milimita 0.8 da 1.1 a wannan damina, ɗaya ya karye da kansa ba wanda ya taɓa shi. Biyun da ke sabon sun ƙaru da 0.1 da 0.2. Farin gari bai dawo ba, tayoyi ba su sake danƙo ba, ƙurajen fenti suna nan yadda suke, ba su ƙaru ba.

A damina ta huɗu abu biyu suka faru a cikin busasshen shogilas ɗin. Ɗaya daga cikin motocin da mai gyaran bodi ya yi wa fenti ta rabu daga sandar gilashin gaba, rufin ya zauna. Sannan wata daga cikin huɗun da suka rage na waccan sayayya, wadda ba ta taɓa nuna komai ba, ta fitar da tsaga mai milimita 6 a ƙarƙashin ƙofa. Adadin masu ciwo ya zama 12: biyar suna kan shasin resin, ɗaya da sabon hinji, ɗaya ta lalace, biyar ana auna su sau biyu a shekara, farkon Mayu da ƙarshen Oktoba.

## Hukunci

Duk abin da aka yi a shekarar farko an yi shi ne bisa zaton ciwon a fatar ƙarfe yake. Mai da fila da fenti aikin fata ne, gam yana riƙe wuri ɗaya ƙarfen ya karye a gaba, miƙewa da walda kuwa suna bukatar ƙarfe mai sauran danƙo, wannan ba shi da shi. Asarar da ta fi zafi ita ce shasin farko. Da an bar shi a karkace an ɗora masa matashi, da yana nan.

Ɓarnar damina ta biyu ta fi yawa, kuma mafi yawanta hannu ne ya jawo ta. Ganewar cewa laima ce daidai ne, amma an yi maganin ba ma'auni. Cikin mota 53, guda 33 masu farin gari da danƙon taya sun taɓu ne ko suka tsananta saboda salatif da ƙwan lantarki da robar gishiri a cikin akwatin filawud. Ma'aunin laima guda ɗaya da an sa tun Agustan farko zai nuna cikin kwana biyu cewa shinkafa da gawayi ba sa sauke komai.

Abin da ya yi aiki kala biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su ba. Canja sashe, wato shasin resin da hinjin farin ƙarfe, shi ne kaɗai ya raba mota da ciwon, don ya fitar da gurɓataccen ƙarfen gaba ɗaya. Farashinsa shi ne motar ta bar zama ta asali, kuma wajibi ne a faɗa wa duk wanda zai saye ta. Bushewa kuwa jinkiri ta saya. Shasi huɗu ba su isa kafa doka ba, domin yawan dalma yana bambanta ko a tukunya ɗaya, amma tazarar 0.2 da 1.1 a damina guda ta isa ta biya kuɗin gilashi da silika. Tsagar da ta fito a damina ta huɗu ta nuna iyakar abin da bushewa za ta iya.

Tara daga cikin 12 masu ciwo sayayya ɗaya ce, ke nan a wurin saye aka shigo da matsalar, kuma a can ake iya rage ta. Duk motar da za a saya daga nesa a nemi hoton ƙarƙashinta kusa-kusa, da hotonta zaune a kan gilashi, a ga ƙofa da bonet suna rufuwa daidai da layinsu. In ɗaya a cikin jeri ta nuna tsaga, a ɗauka 'yan'uwanta na zubi ɗaya ma suna ɗauke da shi, a auna su tun ranar da suka iso a rubuta. Guda ukun da suka rage daga cikin manyan motoci 12 na waccan sayayya, waɗanda har yanzu ba su nuna komai ba, yana ajiye da su a hawan ƙasa kusa da farantin silika, kowace da awonta a rubuce a ƙarƙashinta.